Sawuna a Bangon Aji

Ni dai ba don an ga ina da ƙwaƙwalwa aka sa ni makarantar boko ba, gara in faɗa da bakina kafin wani ya ƙawata labarin. Shekarar da aka sami 'yancin kai ne, ko wadda ta biyo ta, dagaci ya aiko cewa kowane gida ya ba da yaro ɗaya. A ƙauyenmu, can tsakanin Hunkuyi da Kudan, ba da yaro boko asara ce tsagwaronta, domin duk hannun da ya tafi aji ya bar fartanya ke nan, ga rake a fadama yana jiran masu aiki. Manyan gidanmu suka zauna a zaure suna ta juya maganar. Ina bayan zana ina saurare, sai na ji wan mahaifina ya ce, "Wai me muke ta wahalar da kanmu? Ba ga gurgun nan ba?"

Na kasa kunne in ji abin da mahaifina zai ce. Bai ce uffan ba. Washegari aka ɗora ni kan jaki aka kai ni.

Shan inna ya same ni tun ina koyon tafiya, ya shanye mini ƙafar hagu, ta zama siririya kamar karan dawa. Da sanda nake tafiya, in taka ta dama, in dogara, in jawo ta hagun. Ni ne kuma ɗan fari, saboda haka mahaifina ba ya kiran sunana, ba ya haɗa ido da ni, in na shigo zaure sai ya sami abin dubawa a wani gefen. Kowa ya san wannan kunya ce ta al'ada. Amma ai ina da ido. Ina ganin sauran 'ya'yan fari na ƙauyen, ubanninsu ba sa kiran sunansu, amma suna sa maƙeri ya yi musu 'yar fartanya daidai hannunsu, su bi su gona. Ni ba abin da aka taɓa yi mini daidai hannuna. Tambayar da na tashi da ita a ciki ke nan, ba kuma wanda zan yi wa ita: kunyar ɗan fari Baba yake ji, ko kunyar ƙafata? Yana ma sa ni cikin 'ya'yansa kuwa?

A ɗakin kakata na tashi, wadda ta haifi mahaifina. Mijinta take ce mini. "Wannan miji nawa," in ji ta, "ba noma, ba cefane, sai baki kamar reza." Ni kuma in ce mata ai ba ta ga komai ba, kishiya zan yi mata mai haƙora. Sai ta ɗaga muciya ta ce lallai gurgu ya fi mai ƙafa ban haushi. Gaskiyarta. Tun da ba ni iya gudu, ba ni iya kokawa, baki na wasa, kuma duk yaron da ya tsokane ni sai na yi masa suna da zai bi shi har gida.

Makarantar aji biyu ce, ginin ƙasa da rufin kwano. Muna shekara ta biyu aka kawo mana sabon malami daga birnin Zariya, saurayi ne dogo, bai daɗe da gama koyon aikin malanta ba, ya zo da kekensa da akwatin ƙarfe ɗaya. Shi aka ba darasin aikin hannu na ranar Alhamis. Kafin zuwansa, aikin hannu a wurinmu tufkar igiya ce da ɗaurin tsintsiya, waɗanda duk a gidan hedimasta suke ƙarewa. Shi kuwa sai ya kai mu fadama muka ɗebo yumɓu, ya zaunar da mu ƙarƙashin ɗorawa, muka yi ta gina tukwane da shanu. Ban taɓa son wani darasi kamar wannan ba. A zaune ake yin sa, kuma in dai a zaune ne ba wanda ya fi ni. Mai dogara sanda tun yana ƙarami hannunsa ba wasa ba ne.

Wata Alhamis ya ce kowa ya gina wani na gidansu yana aikin da ya saba yi. Wani ya gina uwarsa tana daka, wani kakansa kan buzu, wata ta gina yayarta da tulu a ka. Ni na gina mahaifina ya sunkuya yana saran rake. Na daɗe a kansa, har ɗan karkacewar da yake yi wa hularsa sai da na fitar. Muka jera su a gindin bangon aji su sha iska.

Hanyar rijiya ta gaban makaranta ta bi. Mata suka gani, suka kai gida, kafin a sauko Juma'a magana ta isa wurin liman. Limaminmu tsoho ne mai sauƙin kai, ba ya son tashin hankali. Abin da ya faɗa shi ne, wanda ya ƙera surar mai rai za a ce ya busa mata rai gobe kiyama, amma in aka rage mata abin da rai ba ya zama sai da shi, to ta tashi daga sura. Cire kai yake nufi, wannan sai da na girma na tabbatar. Hedimasta kuwa ba ya son dogon bayani. Da muka yi layi da safe sai ya ce, "Liman ya ce abubuwan nan naku haramun ne sai an naƙasa su. Kowa ya je ya naƙasa nasa." Malamin aikin hannu ba ya nan ranar, an aike shi Ikara karɓo alli.

Muka tsaya cirko-cirko a gaban mutanenmu na yumɓu. Wani babba a cikinmu ya ce kai ake cirewa, amma wa zai cire kan ubansa, ko da na yumɓu ne? Wannan ai mugun fata ne. Can sai wani ya ɗauki nasa ya ɓalle masa ƙafa ɗaya, ya ɗaga sama ya ce, "Shi ke nan, nawa ya tashi daga mutum!" Sai kowa ya ga mafita. Ba ka jin komai sai ƙas, ƙas, ana ta murna. "Ni ma nawa ba mutum ba ne yanzu." "Ni ma na huta, ba mai ce mini in busa rai."

Wanda muke zama benci ɗaya da shi, yaron kirki da yake raba dafaffen rogonsa da ni kullum, ya juyo yana dariya ya ce, "Kai ka ji daɗi wallahi. In za a gina ka ba sai an karya komai ba."

Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ya sa ta shige ni. Da zagi ne da na rama. Ni da ba a kayar da ni a magana, na buɗe baki na rasa abin cewa. Na dubi layin nan, kowa da ƙafa ɗaya, an kuma yi shelar cewa duk sun tashi daga mutane. Na kasa karya ƙafar mahaifina. Sai na tsoma shi cikin tukunyar ruwan kwaɓi, na zauna ina kallo har ya narke.

Da na koma gida na tarar da kakata tana kaɗi. Na ce, "Kaka, ranar tashin kiyama har da ni za a tashi?"

"A'a, kai za a bari ka yi gadin kabarurruka," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Da ta ji shiru sai ta dube ni, ta ajiye mazari. Na kwashe duka na faɗa mata. Ta yi salati, ta jawo ni jikinta ta ce, "Wanda ya yi ka bai manta komai ba. Kada in sake jin wannan magana." Amma ni a wurina maganar daga liman ta fito, ta biyo ta bakin hedimasta. Ina kaka za ta ja da waɗannan?

Na daina zuwa makaranta. Kowace safiya sai in zauna a ƙofar gida, mahaifina ya fito da addarsa zai tafi fadama, ya wuce ta gabana. Jira nake ya tsawata mini, ko ya ce wa wani, "Me ya hana yaron nan zuwa boko?" Ko duka ne da na karɓa da murna. Bai tanka ba, ni kuwa na ƙara tabbatar wa kaina abin da nake tsoro. Baƙin cikin da na yi a waɗannan kwanaki, har yau da furfurata ban yi irinsa ba.

Ran nan da la'asar sai ga ƙararrawar keke. Malamin ne. Ya durƙusa ya gai da kakata, suka yi ta tambayar gajiya da iyali da ruwa, ta kawo masa fura ya sha. Ashe da ya dawo daga Ikara ya ga layin masu ƙafa ɗaya, ya tambaya, yara suka ba shi labari har da abin da aka faɗa mini. Bai lallashe ni ba, bai kuma yi mini wa'azi ba. Cewa ya yi, "Ranar Alhamis ina da aiki da ƙafarka." Na miƙo ta dama. Ya ce, "A'a, waccan." Ba wanda ya taɓa cewa yana da aiki da waccan, don haka son jin ƙwaƙwaf ya mayar da ni makaranta.

Ranar muka tarar ya share fili a gaban aji, ya baza rairayi mai laushi, ya yayyafa ruwa. Ya ce an gama da ginin mutane, tun da manya sun hana. Yau sawu za mu duba. Sai ya sa kowa ya juya baya, ya taɓa kafaɗar mutum ɗaya ya ratsa filin, sannan a juyo a faɗi wanda ya wuce. Wasa ya yi daɗi. Ashe wannan yatsunsa a warwatse suke, wancan faso ya tsattsaga masa dunduniya har yana fitowa a ƙasa, wata da gefen ƙafa take takawa, wani tuntuɓe ya cinye masa farcen babban yatsa. Aka yi ta dariyar juna. Ya sa kowa ya zana sawun maƙwabcinsa a allo.

Daga ƙarshe ya taɓa ni. Na ratsa. Da aka juyo, ga ƙafa ɗaya cikakkiya, ga rami zagayayye na sanda, ga dogon layi inda ta hagun ta ja ƙasa.

"Wa ya wuce nan?" in ji malam.

"Gurgu ne!" suka ce baki ɗaya.

"Ban tambaye ku ƙafarsa ba. In maharbi ya ga wannan a daji, me zai ce ya wuce? Kura? Akuya?"

Suka sake duban sawun. Abokina mai rogo ya ce, "Mutum ne, Malam."

"Ka tabbata? Ba a rage masa komai ba?"

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Mutum ne."

Sai malam ya tsuguna ya sa yatsa cikin ramin sandar, ya nuna musu zurfinsa. Ya karɓi sandata ya ba babban ajinmu, ya ce ya huda ƙasa haka da hannu ɗaya. Ya gwada, bai kai ba. Aka yi ta karɓa ana gwadawa. Ni kuwa baki ya dawo, na ce musu su je su ƙara cin tuwo.

Daga nan aikin ya koma bango. Muka nemo farar ƙasa da jar ƙasa da gawayi, ya ce mu zana sawun kowa a bangon cikin aji, duk suna fuskantar gaba ɗaya kamar masu tafiya kasuwa. Nawa yana daga ƙasa kusa da ƙofa, abokina ne ya zana shi da jar ƙasa, ya kuma yi shi da kyau. Da na ajinmu suka ƙare, malam ya ce ai ƙauyen cike yake da sawu. Muka fara da ladaninmu, wanda makaho ne tun yana yaro. Malam ya nemi izininsa, ya yi dariya ya ce mu zana, shi dai ba zai gani ba balle ya ce bai yi kyau ba. Muka bi sawunsa daga ƙofar gidansa zuwa masallaci, taku gajejjeru, sanda tana taɓa dama tana taɓa hagu, amma hanyar a miƙe sar, ta fi ta masu ido. Akwai kuma wata kuturwa da ke wucewa kasuwar Hunkuyi da kwandon kuka, wadda da can yara ke gudu in sun hango ta. Sai ga su suna gaishe ta, suna jira ta wuce su tsuguna su auna sawunta da kara.

Wannan tsugunon ne ya jawo fitina. Da na ba kakata labari, fuskarta ta canza. Ta ce, "Ka faɗa wa malaminku sawu ba abin wasa ba ne." A wurinmu, in ana so a yi wa mutum sammu, ƙasar sawunsa ake ɗiba a kai wa boka. Shi ya sa mai abokin gaba ba ya son taka rairayi, uwa kuma takan share inda ɗanta ya taka in baƙon da ba ta yarda da shi ba ya zo. Na isar da saƙon. Malam ya yi murmushi ya ce, "Ka ce wa Kaka ba ƙasar muke ɗiba ba, kallo muke yi mu zana." Shi ma ya san camfin, ɗan Hausa ne. Gani yake bayani zai wadatar. An gudu gara, ashe gidan zago aka nufa.

Damina ta yi nisa sai kurkunu ya fito wa ladan a ƙafa, ya kwanta, aka daina jin muryarsa da asuba. Ba shekarar da kurkunu ba ya kwantar da mutane a ƙauyenmu, da damina ruwan kududdufi muke sha. Amma na bana ya sami dalili. Aka ce ba ga shi ba, wanda aka fara auna sawunsa shi ya fara faɗuwa. Ladan daga kwance yana cewa a ji tsoron Allah, ba wanda ya saurare shi. Mutane suka koma bin ciyawa in za su wuce makaranta. Har aka ce baƙon nan tara sawun gari yake yi a bango, ran da ya cika zai yi abin da ya kawo shi.

Wata safiya muna cikin aji muka ji hayaniya. Maza ne sun cika filin makaranta, dagaci da liman suna tsakiya suna ba da haƙuri. Na leƙa ta taga, sai na ga wanda ke gaba. Mahaifina ne, mutumin da ko a taron gida ba ya magana. Malam ya fita ya durƙusa ya gaishe su, ya fara bayani. Ya ce su shigo su gani, zane ne kawai, ya yi ne don yara su san cewa kowa mutum ne. Liman ya ce shi bai ga laifi a ciki ba. Amma dagaci ya duba fuskokin jama'a ya ga ba za su ji ba, sai ya yanke cewa don zaman lafiya malam ya haɗa kayansa kafin kasuwar Makarfi ta zagayo, za a nema masa wani wurin, bangon kuma a sake yaɓe shi.

Mutane suka fara watsewa. Mahaifina bai tafi ba. Ya cire takalmansa ya shigo ajin, yara suka dare. Ya tsaya yana bin bangon da kallo, sawu birjik, ba suna ko ɗaya a jiki. Ba wanda ya nuna masa. Kai tsaye ya nufi kusa da ƙofa ya tsuguna gaban nawa. Ya cire hularsa ya tara a ƙasa, ya zaro wuƙa ya fara kankarewa a hankali, ƙafar, da ramin sandar, da dogon layin nan, jar ƙasar tana zuba cikin hular. Wadda ta zube ƙasa ma sai da ya tattara da tafin hannu. 

Da ya gama ya miƙe ya dubi malam, wanda ke tsaye bakin ƙofa. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya ce, "Malam, me na yi maka? Ƙafa ɗaya ta rage masa. Ita ma so kake a shanye mini? Ɗana ne fa. Shi ne babba."

Malam ya dube ni. Ina jin ya gane abin da ya faru da ni a lokacin, domin idonsa ya kawo ruwa, ya matsa gefe ya ba mu hanya.

Abin da na yi shekaru ina jira in ji ke nan, a gaban kowa, kuma an faɗe shi ne cikin zargin mutum ɗaya tak da ya taɓa cewa yana da aiki da ƙafata. Na so in yi ihu in ce Baba ba haka ba ne, wannan mutumin shi ya mayar da ni cikin mutane. Na kuma so Baba ya sake faɗa. Daɗi da baƙin ciki suka haɗe mini, kuma har mahaifina ya bar duniya ban iya raba haushinsa da tausayinsa a zuciyata ba.

Ya miƙo mini hular ya ce, "Riƙe. Kada ka bari ko kaɗan ta zube." Sannan ya tsuguna ya juya mini baya, abin da bai taɓa yi ba, na hau. Ya ɗauki sandata, muka fita. Bayansa yana da faɗi, yana warin zufa da ganyen rake.

Mun kai wajen ɗorawa na waiwaya. Malam yana tsaye a ƙofar aji shi kaɗai, ya ɗaga mini hannu. Hannuna ɗaya yana wuyan mahaifina, ɗayan na rungume hular da shi a ƙirji. In na saki wannan in faɗi, in na saki wancan ƙasar ta zube. Ya daɗe da hannunsa a sama, har muka sha kwanar rake. Ban sake ganinsa ba.